JA DA ƊAGAWA: AIKATAU MAI RAKIYA NA INGILISHI DA MATSALARSA A MASANA'ANTUN CHALLAWA

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani ƙaramin rukuni na aikatan Ingilishi waɗanda ake amfani da su wajen bayyana jan abu zuwa sama, a kwatanta su da takwarorinsu na Hausa, sa'an nan a nuna kalmomin da suka fi su fitar da ma'ana sarai. An zaɓi a ɗora nazarin a kan unguwar masana'antu ta Challawa da 'yan'uwanta na Sharaɗa da Bompai a Kano, domin a irin waɗannan wurare ne kuskuren fahimtar kalma ɗaya yake iya zama sanadin karaya ko asarar rai. Ɗalibin da ya kasa fassara jimla a aji maki kaɗai zai rasa. Lebura kuwa da ke tsaye a ƙarƙashin kaya masu nauyi ba shi da damar ya sake gwadawa.

Misalan da za a kawo an tsara su ne domin bayani, bisa irin umurnin da akan bayar a wuraren ɗaga kaya.

2.0 Challawa da Harsunan Aiki

Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa. Ita Challawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kudu da birni, kuma ta samo sunanta daga Kogin Challawa. An fi saninta da kamfanonin jima, ko da yake akwai masu yin robobi da lemon kwalba da kayan abinci. Masana'antu da dama a unguwannin uku sun durƙushe tun daga shekarun 1980, saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar kayan gyara da gasar kayan waje, amma waɗanda suka rage suna ci gaba da ɗaukar ma'aikata.

Aikin jima na zamani aiki ne na ja da ɗagawa tun daga farkonsa har ƙarshe. Ana sauke fatu daga mota, a zuba su cikin manyan gangunan da ke juyawa, a fitar da su jiƙe sharkaf, nauyinsu ya ƙaru, a jibge su, a sake lodi. Ana ɗaga buhunan gishiri da durom-durom na sinadarai. In inji ya lalace sai an rataya sarƙa an ɗaga shi kafin a gyara.

A wajen wannan aiki harsuna uku ne suke cuɗanya. Leburori galibi Hausa suke yi a junansu. Takardun da ke zuwa tare da injuna, da allunan gargaɗi, da umurnin ofis, da Ingilishi ake rubuta su. Tsakanin waɗannan biyu kuma akwai Turancin Buroka. Wani abin lura shi ne, da yawa daga masu kamfanonin da injiniyoyinsu 'yan asalin Labanan ne ko Indiya ko Sin, wato su ma Ingilishi ba harshensu na gado ba ne. Ke nan sau da yawa mai ba da umurni da mai karɓarsa duk baƙi ne a harshen da suke magana da shi.

3.0 Mene ne Aikatau Mai Rakiya?

Abin da Turawa suke kira "phrasal verb" shi ne za a kira aikatau mai rakiya a wannan maƙala. Aikatau ne da ke tafiya da wata 'yar ƙaramar kalma, kamar "up" ko "out" ko "off", su biyun su haɗu su ba da ma'ana ɗaya. Tun a 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa irin wannan haɗi yana daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙon da ke koyon Ingilishi. Sunan nasa na Turanci ya yaɗu ne bayan littafin Logan Pearsall Smith na 1925, kuma a 1971 Dwight Bolinger ya rubuta littafi sukutum a kansa.

Tushen wahalar shi ne 'yar rakiyar ba aiki ɗaya take yi ba. Idan aka ɗauki "up" kaɗai za a ga tana da aƙalla ayyuka uku:

Na farko, nuna alƙibla zuwa sama, kamar a "lift up".

Na biyu, nuna cewa aiki ya kammala ɗungurungum, kamar a "tie up", wato ɗaure, da "dry up", wato ƙafe ko bushe, da "use up", wato ƙarar da abu. A nan babu batun sama ko ƙasa.

Na uku, sauya ma'anar aikatau baki ɗaya, yadda ba za a iya gano ta daga kalmomin biyu ba, kamar a "give up", wato saduda.

Mai koyo yakan fara sanin aiki na farko a makaranta, sai ya ɗauka duk inda ya ji "up" sama ake nufi. Daga nan ruɗani yake farawa.

4.0 Aikatan Ja Zuwa Sama da Fuskokinsu

4.1 "Pull up"

Wannan shi ne uban tafiyar, kuma shi ya fi kowanne yawan fuskoki. A duba waɗannan jimloli:

1. Pull up the chain. Ja sarƙar sama.
2. Pull up the weeds. Tuge ciyawar.
3. Pull up at the gate. Tsaya da mota a bakin ƙofa.
4. Pull up a chair. Jawo kujera kusa.
5. The manager pulled him up. Manaja ya tsawata masa.

A cikin jimlolin nan biyar, ta farko ce kaɗai take nufin ɗaga abu sama a bar shi a can. A ta biyu ana nufin raba abu da saiwarsa. A ta uku ana nufin tsayawa cak, wanda kusan kishiyar ja ne. A harabar da mota take ja da baya, wani kuma yake riƙe da sarƙar ɗaga kaya, idan shugaban leburori ya ɗaga murya ya ce "pull up", to direba zai ji "tsaya", mai sarƙa kuma zai ji "ja sama". Kowannensu ya fahimci Ingilishi daidai, amma ɗayansu zai aikata abin da ba a umurce shi ba.

4.2 "Draw up", "haul up" da "wind up"

"Draw up" yana nufin jawo ruwa daga rijiya, yana kuma nufin tsara takarda kamar yarjejeniya, yana kuma nufin mota ta zo ta tsaya. "Haul up" yana nufin jawo abu mai nauyi sama da ƙarfin tsiya, amma idan aka yi amfani da shi a kan mutum yana iya nufin gurfanar da shi gaban alƙali. "Wind up" yana nufin naɗe igiya a jikin ƙarfe mai juyawa har kaya su hau sama, yana kuma nufin rufe kamfani a sallami ma'aikata. Ma'aikacin Sharaɗa ko Bompai ya san ɗacin wannan ma'ana ta biyu.

4.3 "Pick up", "hold up" da "jack up"

"Pick up" yana nufin ɗaukar abu daga ƙasa, ko zuwa a ɗauko mutum ko kaya a mota, ko koyon abu ta hanyar ji, ko kasuwa ta farfaɗo. "Hold up" yana nufin riƙe abu a sama, ko jinkirta shi, ko tare mutane da makami, a Turancin Nijeriya kuma ya zama sunan cunkoson motoci. Idan aka ce wa mai sarƙa "hold it up", yana iya ɗauka an ce ya ƙara ɗagawa, yana iya ɗauka an ce ya dakata. "Jack up" yana nufin ɗaga mota da jak, yana kuma nufin tsawwala farashi.

4.4 Matsayin 'Yar Rakiya a Jimla

Akwai wata ƙa'ida ta nahawu da ke taimakawa. Idan aikatau mai rakiya so-karɓau ne, ana iya sa karɓau a tsakiyarsa ko a bayansa. Ana cewa "pull up the rope", ana kuma cewa "pull the rope up". Amma in karɓau wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya, a ce "pull it up". Amfanin wannan ƙa'ida yana fitowa a jimla irin "pull up the ramp". Tana iya nufin a ɗage gadar katakon da ake turo kaya a kai, tana iya kuma nufin a hau kanta da abin hawa. Da zarar an ce "pull the ramp up" ma'ana ta farko ce kaɗai za ta rage. Haka kuma idan "pull up" ya zo ba tare da karɓau ba, a maganar mota tsayawa ake nufi. A maganar jirgin sama kuwa kalmomin nan biyu su ne gargaɗin da na'ura take yi wa matuƙi cewa ya ɗaga jirgi domin ya kusanci ƙasa. Wannan ya isa ya nuna cewa ma'anarsu a hannun muhalli take.

5.0 Yadda Hausa Take Bayyana Wannan Aiki

Hausa ba ta dogara da 'yar rakiya ba. Tana bin hanyoyi biyu ne.

5.1 Zaɓen Aikatau na Musamman

Bahaushe ya daɗe yana ja yana ɗagawa, saboda haka ya tanadi kalma ga kusan kowane irin yanayi. Mai ban-ruwa yana jan ruwa da jigo, mace tana jan guga a rijiya, marini a karofin Ƙofar Mata yana tsamo zane daga cikin baba, majemi yana tsamo fata daga ruwan bagaruwa, magina suna ɗaga jinka su ɗora a kan ɗaki. Ga kaɗan daga cikin aikatan:

ɗaga: mai da abu daga ƙasa zuwa sama.
ɗauka: raba abu da inda yake ajiye a riƙe shi.
cicciɓa: ɗaga abu mai nauyi da ƙyar, sau da yawa da taimakon wani.
sunguma: ɗaukar abu mai girma gaba ɗaya a lokaci guda.
kinkima: ɗaukar kaya masu nauyi a tafi da su.
tsamo: fitar da abu daga cikin ruwa.
tuge ko tumɓuke: cire abu tare da saiwarsa.
zaro: fitar da abu siriri daga cikin wani abu ko daga cikin tari.
fizgo: jawo abu da sauri da ƙarfi.

A nan za a ga cewa abin da "pull up" yake ɗauke da shi shi kaɗai, Hausa ta raba shi tsakanin kalmomi da yawa, kowace tana faɗin nauyin abin, ko inda yake, ko yadda za a taɓa shi.

5.2 Sauya Wasalin Ƙarshe

Hanya ta biyu ita ce tsarin giredin aikatau, wanda F. W. Parsons ya bayyana a 1960, inda ya kasa aikatan Hausa gida bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Giredi biyu ne suka fi shafar wannan nazari. Giredi na huɗu, mai ƙarewa da -e, yakan nuna aiki ya game abu duka ko an kawar da abin. Giredi na shida, mai ƙarewa da -o, yana nuna aiki ya nufo wajen mai magana. Misali:

ɗaga, ɗage, ɗago
ɗauka, ɗauke, ɗauko
ja, janye, jawo

Aikatau "ja" ba ya cikin giredi bakwai na asali. Yana cikin 'yan gajerun aikatan da Paul Newman ya sa a giredi na sifili a nahawunsa na shekarar 2000, amma duk da haka yana karɓar waɗannan ɗafe-ɗafe kamar sauran.

Idan aka kwatanta, za a ga giredi na huɗu yana yin aikin da "up" take yi a matsayinta na biyu. "Tie up" shi ne ɗaure, "eat up" shi ne cinye, "drink up" shi ne shanye. Wannan kamanci yana da amfani ƙwarai ga malamin da ke koyar da Ingilishi ga Hausawa, domin ɗalibi ya riga ya san bambancin "ci" da "cinye" tun yana yaro.

Giredi na shida kuwa shi ne inda mai fassara yakan yi tuntuɓe. Sau da yawa akan fassara "pull up" da "jawo", alhali ba abu ɗaya suke nunawa ba. "Up" tana auna alƙibla ne daga ƙasa, ko ina mai magana yake tsaye. Ita kuwa -o tana auna alƙibla ne daga mai magana. Wanda ke tsaye a bakin rijiya in ya ce "jawo gugan", sama yake nufi. Wanda ke cikin rijiya yana yasa in ya ce "jawo igiyar" ga abokinsa da ke tare da shi, ƙasa yake nufi. Haka nan a wajen lodi: wanda ke kan mota in ya ce "jawo", yana son kaya su hau. Wanda ke ƙasa in ya ce "jawo", yana son su sauko ko su matso gare shi. Saboda haka umurnin da aka rubuta a allo, wanda ba a san inda mai karanta shi zai tsaya ba, bai kamata ya dogara da -o kaɗai ba. Sai an ƙara bayanau, a ce "ja sama" ko "yi ƙasa da shi".

Ya kamata kuma a lura cewa Hausa ma ba ta tsira daga harshen damo ba. "Ɗage" yana nufin kawar da abu sama, yana kuma nufin jinkirta taro. "Janye" yana nufin kawar da abu gefe, yana kuma nufin fasa magana. "Jawo" yana nufin haddasa abu, kamar a ce ganganci ya jawo asara. Bambancin shi ne Bahaushe ya tashi da waɗannan ma'anoni, ba ya ruɗewa da su, na Ingilishi kuwa sai ya koya ɗaya bayan ɗaya.

6.0 Zaɓen Kalmar da Ta Fi Fitowa Sarai

Wannan matsala ba ta Kano kaɗai ba ce. Kamfanonin jiragen sama na Turai sun fuskance ta, domin makanikai a ƙasashe da yawa suna karanta littattafan gyara da Ingilishin da ba harshensu ba. A 1986 ƙungiyar masu ƙera jiragen sama ta Turai ta fitar da wani tsari na sauƙaƙaƙƙen Ingilishin fasaha, wanda a yau ake kira ASD-STE100. Daga cikin ƙa'idojinsa akwai cewa kowace kalma ta tsaya a kan ma'ana ɗaya, kuma a guji haɗa kalmomi su zama aikatau mai rakiya. Abin da ya dace da makanikin jirgi ya dace da mai gyaran gangar jima.

Bisa wannan, ga kalmomin da za a iya sawa a madadin waɗanda aka tattauna:

A madadin "pull up" mai nufin sama, a ce "raise" ko "lift", wato ɗaga.
In da igiya ko sarƙa da ƙugiya za a ɗaga, a ce "hoist".
In da injin naɗe igiya ne, a ce "winch".
A madadin "pull up" ko "draw up" na mota, a ce "stop", wato tsaya.
A madadin "pull up" na shuka ko turke, a ce "uproot" ko "remove", wato tuge ko cire.
A madadin "hold up", a ce "wait" in jira ake nufi, a ce "support" in tallafewa ake nufi.
A madadin "pick up" na kaya, a ce "collect", wato karɓo ko ɗauko.
A madadin "draw up" na takarda, a ce "prepare" ko "write".

Sai dai akwai gargaɗi guda biyu. Na farko, fitowa sarai ba ita ce tsawon kalma ba. Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a rubutun ofis, ta neman babbar kalma mai asali daga Latin domin a nuna ilmi. Wanda ya rubuta "elevate" a inda "lift" ya isa bai taimaki lebura da kome ba. "Lift" da "raise" gajeru ne, tsofaffi ne a harshen, Ingilishi ya aro su ne daga harshen mutanen arewacin Turai na dā, kuma ma'anarsu a wajen aiki ba ta rawa. Na biyu, ba a ce a kori aikatau mai rakiya daga Ingilishi ba. Shi ne gishirin hirar Bature, kuma wanda bai iya shi ba bai iya harshen ba. Abin da ake nufi shi ne a san wurin da ya dace da shi. A hira da labari yana da kyau, a umurnin da rai ya rataya a kansa kuwa gara kalma mai fuska ɗaya.

Akwai kuma abin da ya kamata ya biyo bayan aikatau. Kyakkyawan umurni yana faɗin abu huɗu: wa ake nufi, me zai taɓa, ina zai kai shi, yaushe zai tsaya. A kwatanta waɗannan biyu:

6. Pull it up.
7. Operator, lift the drum one metre, then stop.

Jimla ta bakwai ta fi tsawo, amma fassararta ba ta da wuya: mai inji, ɗaga durom ɗin mita ɗaya, sa'an nan ka tsaya. Jimla ta shida kuwa ba wanda zai fassara ta daidai sai ya ga abin da ake nunawa.

7.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Masu Nazarin Hausa

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta yi tanadi a kan na'urorin ɗaga kaya da sarƙoƙi da igiyoyi, har da wajabta nuna iyakar nauyin da kowace na'ura za ta ɗauka. A duniya kuma an daidaita alamun hannu da ake yi wa mai injin ɗaga kaya, kamar yadda suke a ma'aunin ISO 16715 na 2014, domin a wurin da injuna suke ruri murya ba ta isa ba. Amma doka da alama duk sai an bayyana su ga ma'aikaci da harshen da yake ji, kuma nan ne aikin masanin Hausa yake shigowa.

Ƙamusoshin da ake da su sun share fage. Na G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 sun tattara aikatan Hausa da bambance-bambancensu, na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990 kuma sun bi hanya daga Ingilishi zuwa Hausa. Abin da zai ƙara amfani shi ne ɗan ƙaramin jerin umurnin ɗaga kaya cikin harsunan biyu, wanda za a tsara tare da su masu aikin, a tsayar da kalma ɗaya ga kowane motsi: "ɗaga" ga "lift", "sauke" ga "lower", "tsaya" ga "stop", "a hankali" ga "slowly". Aiki ne da ɗaliban sashen Hausa za su iya yi a hutu guda, kuma ya fi dacewa a ji kalmomin daga bakin leburori da makanikai, domin su suka san abin da suke kiran kowane ƙarfe.

8.0 Kammalawa

An ga cewa aikatan Ingilishi masu rakiyar "up" suna da fuskoki da yawa, kuma sama ɗaya ce kawai daga cikinsu. An ga cewa Hausa tana bayyana wannan aiki ta hanyar zaɓen aikatau na musamman da sauya wasalin ƙarshe, inda giredi na huɗu ya yi kama da "up" ta kammalawa, giredi na shida kuwa ya saɓa da "up" ta alƙibla, domin shi daga mai magana yake aunawa. An kuma nuna cewa a wurin aiki mai haɗari, gajeren aikatau mai ma'ana ɗaya ya fi aikatau mai rakiya, ya kuma fi babbar kalmar burga.

Hausawa suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma hannuwa da yawa ma ba za su ɗauke shi ba sai in duk sun ji kira ɗaya, sun kuma fahimce shi fahimta ɗaya.